Waƙar Gado Na Bakwai

Daga ofishin Babban Likita, shugaban likitocin asibitin nan kaf, manya da ƙanana,
zuwa ga direban katafila, autan tsohuwar da ke gado na bakwai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na gyaran hanya. Yaya rana, yaya zafin kwalta? Yaya kuma ciwon bayan nan da aka ce yana tasar maka in ka daɗe a kan sitiyari? Allah ya sawwaƙe. In ka ga rubutuna a karkace kada ka damu, haka rubutun manyan likitoci yake a duk duniya.

Kafin gabanka ya faɗi, mahaifiyarka tana nan da ranta. Ba rasuwa na rubuto ba. Na ɗauki biro da kaina, duk da ayyukan da suka sha mini kai, saboda an gaya mini wata biyu ke nan wayarka a kashe, kuma wasiƙu biyu da yayarka ta aika maka sun dawo ko buɗe su ba ka yi ba. Ta likita dai na san za ka buɗe.

Ka san yadda aka kawo ta. Ta faɗi tana shanya kaya, ɓarin dama ya shanye, baki ya rufe. Ido na kallo, kunne na ji, amma ko ruwa ba ta iya cewa. Fayil ɗinta ya nuna mini ka yi kwana arba'in a kan bencin da ke gefen gadonta, kana azumi kana addu'a, har wandonka ya fara zamewa. Fayil ɗin ya kuma nuna cewa a rana ta arba'in da ɗaya da safe, fasto na tsakiyar addu'a, ka miƙe ka ce kai ka gaji, ka buga ƙofar Ubangiji har hannunka ya kumbura, ashe ba kowa a gidan. Ka ɗauki jakarka ka fice. Mu likitoci komai rubutawa muke yi.

To ga abin da ya sa na rubuto. A cikin masu jinyarta akwai jikanta, ɗan yayarka, mai shagon aski. Saurayi ne kyakkyawa, mai hankali, mai ladabi, a shekara talatin da na yi ina wannan aiki ban ga na biyunsa ba. Na ji mutanen gidanku suna ce masa Shaƙiyyi, ni dai ban ga dalili ba. Ubansa musulmi ne, shi ma haka, karatunsa duk na allo ne, amma waƙoƙin cocin kakarsa suna bakinsa tun tana goya shi.

Wannan saurayi ya lura da wani abu. Duk wanda ya zo duba tsohuwa sai ya tsaya ya sunkuyar da kai kamar ya zo ta'aziyya. Matan cocinsu su yi layi, su share hawaye, su ajiye lemo su tafi, ita kuma ta juya fuska ta kalli bango. Sai ya tuna cewa matar nan ta shekara talatin tana ba da waƙa a coci, kuma ba abin da ta tsana a duniya kamar a ɓata waƙa. Kai ma ka sani. An ce ta taɓa tsayar da coci guda a tsakiyar baiti ta ce a koma farko, kuma kai ne ka jawo, don kai ka shigo kafin lokaci.

Ranar Talata da hantsi yana zaune yana yanke mata farce. Ya ce mata, matata, tunda kin yi mini yaji kin daina magana, yau mijinki ne zai ba da waƙa. Ya ɗauko waƙar nan da take yi in tana wanki, mai baiti huɗu. Ya kawo na ƙarshe ya sa a farko, ya yanke na biyu a tsakiya, ya ɗora abin duka a kan muryar masu tallan kankana. Tsohuwar gado na shida, mai ƙafa a siminti, ta toshe kunne. Mahaifiyarka ta juyo daga bango. Ta harare shi. Ya ƙara murya. Ta ɗaga hannun hagu ta bugi katifa. Ya maimaita baitin da ya ɓata, ya ƙara masa wani ɓarnan. Ta bugi ƙarfen gado. Sai bakin nan da ya yi wata uku a rufe ya buɗe, murya ta fito a shaƙe kamar famfon da ya daɗe ba ruwa, ta kama baitin farko daga inda ya kamata a kama shi.

Malam direba, ba ta tsaya ba sai da ta kai baiti na huɗu. Kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Wata nas mai tsawa, wadda ko kujera aka ja sai ta yi faɗa, ta saki tiren magani ya tarwatse. Mai ƙafar siminti ta yi ta guɗa daga kwance. Yayarka ta shigo da filas a hannu ta durƙusa a bakin ƙofa tana kiran sunan Yesu, ta kasa ƙarasowa. Saurayin nan mai hankali, an ce har yanzu bai ga inda ya jefar da abin yankan farcen ba.

Ba zan rufe ka ba, ni likita ne. Da ta gama ta buɗe baki za ta zage shi, magana ba ta fito ba. Waƙa ce kaɗai ta dawo. Amma ta dawo.

Maganin da na rubuta mata shi ne autanta, sau ɗaya, kafin Lahadi. Amsarka ka ba direban tifan da ya kawo wannan hannu da hannu, kada ka bi ta gidan waya, akwatin ofishina ya lalace. Ya san wanda zai ba.

Ka huta lafiya.
Babban Likita, da hannunsa da hatiminsa.

*

Daga ofishin Babban Likita, karo na biyu,
zuwa ga direban katafila.

Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da taurin kai. Da fatan jikinka lafiya, kana cin abinci a kan lokaci. Direban tifa ya ce ka rame, wuyanka ya yi tsawo. Wannan ba shi da kyau, ka gyara.

Takardarka ta iso, layi uku cif. Ka ce ka tambayi mai ba da magani na sansaninku, ya ce maka abin nan sananne ne, hanyar waƙa daban take da hanyar magana a cikin kai, in ɗaya ta toshe ɗayar takan rage. Ka ce ke nan ba amsar addu'a ba ce, kada a yi maka wasa da zuciya, kai ka riga ka sa rai sau ɗaya ka ga yadda ta ƙare. Mai maganinku bai yi ƙarya ba. Wata ma'aikaciyata mai koya wa majinyata magana ta faɗi haka, har ta zana mana hoton kai a bayan kati. Dama ni na koya mata.

Amma ka ji abin da ya biyo baya. Ma'aikaciyar ta ce tunda hanyar waƙa a buɗe take, a gwada ɗora magana a kanta. Jikan nan mai basira ya karɓi aikin. Ya rera mata, Kaka me kike so, a kan muryar waƙar wanki. Ta daɗe tana kokawa da leɓe, sannan ta rera masa ruwa. Aka kawo ruwa. Ta rera mai sanyi. Ɗaki ya ɗauki tafi. Kwana biyu a tsakani ta rera wa yayarka cewa gishiri ya yi yawa. Ran Juma'a ta rera wa jikan cewa kansa kamar tulu, da murya mai daɗi irin ta ranar Lahadi, har matan coci suka amsa da amin kafin su gane abin da ta ce. Yanzu a ɗakin mata ba mai magana a tsaye. Nas mai tsawa da kanta rera tambaya take yi in ta zo gwajin jini, kuma muryarta, Allah ya ba mu haƙuri.

Jikan ya kai mata maganarka. Ya rera mata cewa autanki ya ce ba Allah ba ne, hanya ce ta biyu a cikin kai. Amsar ta ɗauke ta kwana uku, guntu-guntu, don in ta yi layi biyu sai ta gaji ta yi barci. Ya rubuta kowane guntu a bayan takardar magani, ni kuma na haɗa maka su.

Na farko, ta ce a tambaye ka wa ya haƙa hanya ta biyun. Ta ce kai mai gyaran hanya ne, in gada ta karye kuka tarar da wata 'yar hanya ta bayan gari, kukan ce ita ta yi kanta?

Na biyu, ta ce tun ranar da ta faɗi take roƙo, ba baki, ba kalma. In ta nemi kalmar addu'a a cikin kanta sai ta tarar da wurin wayam. Don haka ta daina neman kalma, takan ɗauki ciwon yadda yake ta ajiye a gaban Yesu ta yi shiru, kamar yadda kake zuwa kana ƙarami ka nuna mata gwiwarka ta fashe ba tare da ka ce komai ba. Ta ce ba ta taɓa jin an ce mata koma ki koyo magana tukuna ba.

Na uku, ta ce ita baki ta roƙa aka ba ta waƙa, kuma ba ta mayar ba. Ta ce Ubangiji ba ɗan aikenka ba ne da za ka ba shi kwana arba'in ka tsaya kana duba agogo. Ta ce azuminka bai zube a ƙasa ba, ta gan shi, an gan shi. Wannan guntun ta maimaita shi sau biyu, hawaye na bin kunnenta, jikan yana share mata da gefen zani.

Ni likita ne, ba fasto ba, ba zan shiga abin da ba nawa ba. Shi ma jikan addininsa daban, in ya fita salla yakan roƙa mata sauƙi ta hanyarsa, ita ma ta sani, takan rera masa ka yi da ni. Amma ya gaya mini, a matsayina na babba, cewa bai taɓa ganin mutum ya riƙe Ubangijinsa kamar yadda matar nan ta riƙe nata ba, da hannu ɗaya ma, na hagu. Ya ce shi da niyyar tsokana ya je, bai san an aike shi ba.

Jiya an tsayar da ita tsakanin ƙarafa biyu a ɗakin motsa jiki. Ta yi taku biyar. Ƙafar dama tana jan ƙasa, amma da aka rera mata waƙa ta bi kiɗan ta ƙara uku. Fasto yana wurin, ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi.

Kullum in ƙofar ɗaki ta buɗe sai ta ɗaga kai. In ta ga ba kai ba ne sai ta mayar. Wannan cutar ba mu da allurarta a asibitin nan.

Ina jiran amsa, kuma ta fi layi uku.
Babban Likita.

*

Zuwa ga direban katafila, autan gado na bakwai.

Gaisuwa da murna, gaisuwa da godiya ga Allah. Ina fata wannan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, don in ka karanta za ka nemi wurin zama. Yayarka tana gaishe ka, mijinta yana gaishe ka, fasto da matan coci suna gaishe ka, har mai ƙafar siminti ta ce a gaishe da ɗan nan da ba ta taɓa gani ba amma ta gaji da jin labarinsa.

Ta yi magana. Jiya Alhamis, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mahaifiyarka ta yi magana da bakinta, ba waƙa, ba kiɗa, ba wanda ya ja mata baki. Kalma ɗaya ta fara fitowa, garau, har gado na ɗaya sun ji. Ta kalli jikanta ta ce masa maƙaryaci.

Ba ka ga ɗakin nan ba. Yayarka ta yi tsalle da girmanta. Nas mai tsawa ta rungume mai shara. Matan coci uku da suka zo dubiya suka ɓarke da waƙar godiya, masu jinya daga ɗakin maza suka cika taga, wani tsoho da ledar ƙarin ruwa a hannu yana tambaya ko haihuwa aka yi. Fasto ya ɗaga hannu zai yi addu'a dariya ta ci ƙarfinsa, ya ce shekara ashirin yana aikin Ubangiji bai taɓa yin godiya a kan zagi ba sai yau, ya kuma yi ta da kyau. Wanda aka zaga ɗin ya fi kowa kuka.

Da aka natsu aka karanta mata takardarka, shafi biyun nan duka. Ta ji inda ka ce ran Litinin da tsakar rana ka kashe katafila ka durƙusa a inuwarta, ka nemi abin da za ka ce wa Allah ka rasa, kuka kawai ka yi har mai ɗaga wa motoci tuta ya zo ya ɗaga ka, kana tambaya ko wannan ma addu'a ce. Ta ji inda ka ce ba rashin so ya hana ka zuwa ba, kunya ce, don ka san tana ji ranar da ka faɗi abin da ka faɗa a kan gadonta, kuma ba ka san da wane ido za ka kalle ta ba. Ka roƙi likita ya gaya maka gaskiya, ko tana riƙe da kai.

Wannan ba likita ne zai amsa ba, ita ta amsa. Ta ɗauki kusan minti goma, kowace kalma sai ta yi zufa, aka ce ta rera ta ƙi. Ga abin da ta ce, ban ƙara ban rage ba: Na ji shi. Allah ma ya ji shi. Ba wanda ya yi fushi. Kukan nan addu'a ce. Ku ce ya zo.

Yau Juma'a za a sallame ta. Da sanda za ta fita, ta ce keken guragu a ba mai bukata.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin zagin. Direban tifa ya zo da takardarka bai sami wanda ya saba ba wa a shago ba. Shi kuma mutum ne mai riƙon amana fiye da kima. Ya duba bayan ambulan ya ga an rubuta Babban Likita, ya nufi asibiti, ya tambayi mai gadi, mai gadi ya raka shi har ofis. Babban Likita ta karɓa. E, ta. Mace ce, 'yar gajera, da tabarau a rataye da igiya. Ta karanta shafi biyu na godiya a kan wasiƙun da ba ta taɓa rubutawa ba, ta sauko ɗakin mata da takardar a hannu, ta tsaya a gado na bakwai ta ce tana so a nuna mata abokin aikinta mai shekara talatin a aiki.

Kawu, ni ne.

Ni ne tun wasiƙar farko. Ambulan ɗin a kwandon sharar ofishin kati na tsinta. Hatimin murfin kwalba ne da tawadar da na dafa da kaina, ita ce dai sana'ar da makarantar allo ta bar mini. Rubutun boko kuwa Kaka ce ta koya mini a littafin waƙoƙinta ina shekara tara, shi ya sa yake tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu. A gaban gadonta na durƙusa na faɗi duk wannan, likita na tsaye, Mama na neman abin da za ta jefe ni da shi. Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta ba ni sunana, maƙaryaci.

Abin da na ƙirƙira shi ne ofishin, da shekara talatin ɗin, da kyan jikan. Sauran duk gaskiya ne, kowace kalma tata ce. Na san da ka ga ambulan ɗin asibiti ka zaci labarin rasuwa ne kafin ka buɗe. Wannan na sa ka a ciki da gangan, kuma shi ne nake roƙon ka yafe mini. Na rasa wata hanyar ne, Kawu. Ina ganin tana ɗaga kai tana mayarwa, na kasa jurewa.

Likita ta yanke mini hukunci. Duk Talata zan rufe shago in zo ɗakin maza in yi wa marasa baki aski kyauta, in kuma ɓata musu waƙa. Ta ce in na sake taɓa sunanta za ta yi mini allurar da ba a yi wa mutane.

Tifa za ta taso daga wajenku Asabar da safe, na roƙar maka kujerar gaba saboda bayanka. A gida za ka same mu. In za ka doke ni ban hana ba, amma ka fara gaishe ta, za ka gan ni a bayan kujerarta.

Ɗanka mai neman afuwa,
Shaƙiyyi mai aski.